Takardun muhalli na bakin Bahar Azrak: inda suke da yadda za a cece su

Mai noman jarf, wato noman gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, tsakanin Rusairis da Sinnar, ko masunci a Mai Wurno, ba sai an gaya masa kogin Bahar Azrak (Blue Nile) ya sauya hali ba. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a watan Yulin 2020, cikowar kogi da janyewarsa sun daina bin tsohon lissafi, lakar da ke kwanciya a gaɓa bayan damina ta yi ƙaranci, masu buga jan bulo ma sun ji a jikinsu. Amma da zarar magana ta je gaban kwamiti, ko ɗalibi ya zauna rubuta kundin digiri, ko ƙungiyar manoma ta nemi a gyara gaɓar da haddam, wato zaizayar kogi, ya cinye, tambayoyin da ake yi uku ne: nawa ne, tun yaushe, ina takarda? A nan aikin maktaba yake farawa. A ganina kuma maktabar da za ta amfani muhallinmu ba ita ce mai kantoci cike da littattafan waje ba. Ita ce wadda ta san inda daftarin ma'aunin kogi yake, ta ɗauki hotonsa, ta rubuta masa bayani, ta ajiye kwafinsa a wuri uku.

Mafi yawan abin da aka sani game da ruwa da ƙasa da itatuwan wannan yanki ba a taɓa buga shi a littafin sayarwa ba. Yana cikin rahotannin shekara-shekara, da daftarorin ofis, da taswirori, da kundayen ɗalibai. Gonar bincike ta Jazira a Wad Madani ta fara aiki tun 1918, kafin ma a kammala madatsar Sinnar a 1925, kuma ita ce tushen Hukumar Binciken Noma ta yau. Rahotanninta na ɗauke da gwajin ƙasa, da tarihin ƙwarin auduga, da irin magungunan da aka fesa shekara bayan shekara. Hedikwatar aikin Jazira a Barakat ta tara takardun rabon ruwa da amfanin hawasha, wato gonar da aka yanka wa kowane manomi. Cibiyar binciken ruwa ta ma'aikatar ban ruwa, ita ma a Madani, ta yi shekaru tana auna lakar da ke shiga tur'a, wato magudanar ban ruwa, da wadda ke taruwa a bayan madatsu. Daga irin wannan awo aka san cewa tafkin Sinnar, wanda aka gina don ya ɗauki mita kubik miliyan 930, laka ta cinye fiye da rabinsa. Tashar Daim kusa da iyakar Habasha ita ce ke ba da awon ruwan da ke shigowa ƙasar. Ofisoshin gandun daji suna da tsare-tsaren sarar dazuzzukan bagaruwa na bakin kogi, fili-fili, da shekarar shuka da shekarar sara. A Khartum kuma akwai Darul Wasa'iƙ, wato taskar takardun ƙasa, da sashen Sudan na maktabar Jami'ar Khartum, da cibiyar nazarin muhalli ta jami'ar, da hukumar hasashen yanayi mai awon ruwan sama na fiye da shekara ɗari a wasu tashoshi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bi ta kan kusan duk waɗannan wurare. Madani ta faɗa cikinsa a Disambar shekarar, Sinja a tsakiyar 2024. Abin da ya sami rumbun iri na ƙasa a Madani ya isa misali: an wawashe firizojin da ke ajiye iri, kuma sai da ma'aikatansa suka yi ta fama kafin su kai wani kaso na dawa da gero da sauransu rumbun ajiyar iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norwe a Fabrairun 2025. Abin da yake da na biyu a wani wuri shi ke da tabbas. Takarda ma haka take.

Kafin a ɗauki hoton komai, a fara duba ko wani ya riga ya yi. Jami'ar Duram ta Ingila tana da taskar takardun Sudan tun 1957, kuma ta sa rahotannin gwamnati na zamanin Turawa da taswirori da yawa a intanet. Mujallar Sudan Notes and Records, da ta fara fita a 1918, ana samunta a manyan taskokin mujallu. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan Sudan a 2007 kyauta ne, kuma har yau wuri ne mai kyau na farawa ga mai neman bayani kan hamada da daji da ruwa. Kundayen digiri na jami'o'in Khartum da Jazira da Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha suna da taskoki a intanet. Idan shafin ya ƙi buɗewa, a kwafi adireshinsa a saka a Wayback Machine, shafin da ke ajiye tsoffin kwafin shafukan intanet, sau da yawa akan tarar da tsohon kwafi.

Maganar mujallun kimiyya masu tsada kuwa, hanyarsu Research4Life ce, shirin da ke buɗe su ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma Sudan na cikin rukunin ƙasashen da ke shiga kyauta. Sashen AGORA na noma ne, OARE na muhalli, Hinari na lafiya. Abin da ke sa mutane su gaji su bari shi ne ƙoƙarin yin rijista da sunan kansu. Ba mutum ake yi wa rijista ba, cibiya ake yi wa: jami'a, kwaleji, cibiyar bincike, ofishin gwamnati, asibitin koyarwa, ko ƙungiyar cikin gida mai rijista. Mai kula da maktaba shi ke karɓar sunan shiga da kalmar sirri. Don haka ɗalibin Jami'ar Sinnar ko ta Gadarif ya fara tambayar maktabarsa, domin mai yiwuwa ne an riga an yi rijistar, kalmar sirrin ce ke kwance a aljihun tebur.

Sai tauraron ɗan'adam, wanda matasa suka fi ɗoki a kai, kuma da gaskiyarsu. CHIRPS, rumbun bayanai da ke haɗa hotunan tauraro da awon tashoshi, yana ba da ƙiyasin ruwan sama na kowace rana tun 1981, a murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 5. Hotunan taurarin Landsat sun faro daga 1972, an buɗe su kyauta a 2008. Tauraron Sentinel-2 na ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Amma a yi lissafi kafin a dogara da su. Fadan ɗaya, wato awon gona, murabba'in mita 4,200 ne. Ƙwayar hoton Landsat, wato ɗigo mafi ƙanƙanta a hoton, mita 30 ce a mita 30, wato fadan guda bai cika ƙwaya biyar ba, don haka siririn jarf na bakin kogi zai cakuɗe da ruwa da yashi. Ta Sentinel-2 mita 10 ce, fadan ya zama ƙwaya 42, ana iya ganin gaɓa tana ja da baya shekara-shekara, amma tarihinsa bai wuce 2015 ba. Kuma a kwatanta wata da wata: hoton Nuwamba da na Nuwamba, ba na Agusta mai gajimare da na Maris ba.

Babban tarkon shi ne launin kore. Miskit, wani itace mai ƙaya wanda aka shigo da shi Sudan a 1917 don tare yashi, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995, yana zama kore shar da rani. Mai kallon hoto daga ofis zai rubuta cewa daji ya farfaɗo a Gash ko Sabuwar Halfa, alhali ƙaya ce ta cinye gona ta toshe hanyar ruwa. Ba abin da zai warware wannan sai tsohon rahoton gandun daji da ya faɗi abin da ke wurin a da, da taswirar tsirrai ta 1958 ta Harrison da Jackson, da mutumin da zai taka ƙasa ya duba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wajen bincike a kowace taska, suna ɗaya ba ya isa. Gadarif ana rubuta ta Gedaref, Gadarif, Qadarif. Sinja kan zo Singa. Mai Wurno kan zo Maiurno ko Mayerno, ban da rubutun Larabci. Lardin Bahar Azrak na zamanin da ya haɗa har da Jazira da Sinnar, saboda haka alƙaluman lardin na shekarun 1950 ba na jihar yau ba ne, kuma duk abin da aka rubuta da sunan Sudan kafin Yulin 2011 ya haɗa da Kudu. Itatuwa ma haka. Ɗakwara mai ba da ƙaro ita ce hashab, tsoffin takardu na kiranta Acacia senegal, sababbi Senegalia senegal. Bagaruwa ita ce sunut, a da Acacia nilotica, yanzu Vachellia nilotica. Dushe talha ne, aduwa hijlij, ƙuduji buda. Maktabar da ke hidimar Hausawa ta buɗe ƙaramin daftari mai layi uku, Hausa da Larabci da sunan kimiyya tsoho da sabo, ta rataye shi kusa da kwamfuta. Wanda ya nema da suna ɗaya rabin abin da ke akwai zai gani.

To, idan an tabbatar takarda ba ta da kwafi a ko'ina, sai aikin ceto. Ginin da aka yi yaƙi a cikinsa ba a shigarsa sai masu kwance bama-bamai sun duba, kuma rumbun maganin ƙwari da ya fashe ba wurin shiga ba ne ko da takardun zinariya ne a ciki. A nemi izinin mai takardun a rubuce. Asali ya zauna wurin mai shi, hoto kawai ake ɗauka. Mutanen da suka kwashe takardun ofis zuwa gida da niyyar alheri sukan zama sanadin ɓacewarsu, domin bayan shekara biyu ba wanda ya san inda suke.

Takardar da ta jiƙe tana da kwana biyu zuwa uku kafin fumfuna ta kama ta. Kada a shanya ta a rana, za ta kanannaɗe ta bushe ta karye. A shimfiɗa a inuwa, a kunna fanka tana kaɗa ɗakin ba takardar kai tsaye ba, a riƙa saka farar takarda busasshiya tsakanin shafuka kamar ashirin-ashirin ana sauyawa in ta sha ruwa. Takarda mai sheƙi, irin ta mujallu da hotuna, a raba shafukanta tun tana jiƙe, don in ta bushe a manne ba ta sake rabuwa. Idan tawada ta fara zuba, a ɗauki hoto nan take kafin komai. Wadda ta riga ta yi fumfuna a ware ta, a bari ta bushe sarai, sannan a share da burushi mai laushi a waje, da takunkumi a fuska. Kada a sa salatif a yagaggen shafi, kada a liƙe shi cikin leda da zafi. Filin ƙarfe da ya yi tsatsa a cire shi a hankali. Takardar faks da rasit masu santsi su ake fara ɗauka, domin rubutunsu na gushewa da zafi kawai.

Gara ita ce babbar abokiyar gaba. Kanta ta ƙarfe, a ɗaga ta aƙalla santimita 15 daga ƙasa, a janye ta tafin hannu daga bango yadda za a ga hanyar gara da zarar ta fara gini. Kwali ya rufe kowane daftari saboda ƙurar habub. Ba a fesa maganin ƙwari a kan takarda. Inda akwai wuta tsayayya, a ɗaure littafin da ƙwaro ya shiga cikin leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu, in an fito da shi a bar shi a ledar kwana guda kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda ba a kan shafi ba.

Ba dole sai da sikana ba. Wayar da kyamararta ke da megafiksel 12, in takardar A4 ta cika hoton, tana ba da ɗigo sama da 300 a kowane inci, kuma wannan shi ne ma'aunin da ake nema. Abin da ke ɓata aiki rawar hannu ce da inuwa. A huda kwali mai ƙarfi a sama a ɗora wayar a kai ruwan tabarau na kallon ƙasa, a yanke gefuna biyu haske ya shigo, a shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙasa, a kashe filasha ta kyamara. A ɗauki bango da bayan bango da shafukan da ba komai, domin wanda zai duba nan gaba ya san ba tsallakewa aka yi ba. Taswira babba a ɗauke ta gunduwa-gunduwa kowace na hawa kan ta kusa da ita da kashi ɗaya cikin uku, kuma kada a manta gefenta inda aka rubuta sikeli da shekarar awo. Tsoffin taswirorin Sudan an yi su ne a kan ma'aunin lambar wuri da ake kira Adindan, wayar hannu kuma na aiki da wani daban mai suna WGS84. Tazarar da ke tsakaninsu kan iya kai mita 200. Wanda ya ɗora tsohuwar taswira a kan sabon hoto bai gyara wannan ba zai yi rantsuwa kogi ya matsa, alhali lissafinsa ne ya matsa.

Kada a tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su har ƙananan lambobi su dushe. A tura a matsayin fayil. Sunan kowane fayil ya faɗi wuri da abu da shekara da shafi, kamar sinja_ruwansama_1984_007, da sifilai a gaba don jeri ya tafi daidai. Kowane daftari ya sami layi guda a jadawali: wane ofis ya rubuta shi, wane wuri ya shafa, daga wace shekara zuwa wace, da wane harshe, shafi nawa, ina asalin yake, wa ya ɗauka, yaushe. Hoto dubu goma marasa wannan jadawali tarin shara ne mai tsabta. Shafi ɗaya kan ci megabayit 2 zuwa 4, wato daftari mai shafi 200 bai kai gigabayit guda ba, faifan ajiya mai terabayit ɗaya zai ɗauki abin da ƙaramin ofis ya mallaka gaba ɗaya. Kwafi uku: ɗaya a kwamfutar maktaba, ɗaya a faifan da ke wani gari, ɗaya a intanet ko wurin amintaccen ɗan'uwa a Jidda ko Kano. 'Yar filasha ta aljihu ta jigila ce, ba ta ajiya ba. Duk wata shida a buɗe kwafin a ƙirga fayiloli a ga sun cika.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen juyar da lambobi daga hoto zuwa jadawalin kwamfuta, kuma ɓarna ce marar hayaniya. Manhajar karanta rubutu ba ta iya rubutun hannu na Larabci yadda za a dogara da ita, dole mutum ya buga. Biyar ta Larabci da'ira ce mai kama da sifilin boko, shida tana kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne da kan ɓace a tsohuwar takarda ko a ɗauke shi tabon ƙuda. Ruwan milimita 50 kan koma 5 ta wannan hanya, shekarar albarka ta zama ta fari. Maganinsa mutum biyu su buga shafi ɗaya kowa daban, a kwatanta, inda suka saɓa a koma hoto. Sannan gurbin da ba a cike ba daban yake da sifili. Sifili na nufin an duba ba a yi ruwa ba. Gurbi na nufin ba a duba ba, wataƙila malamin awo ya yi tafiya. Idan ka ga kwana uku babu komai sai rana ta huɗu milimita 90, mai yiwuwa ruwan kwana huɗu ne ya taru a ma'auni. A bar gurbi a gurbinsa a rubuta dalili a gefe.

Awo ma a rubuta shi yadda aka same shi, a sa juyin a layi na dabam. Ƙindarin auduga mai ƙwara rotal 315 ne, kusan kilo 141, ƙaramin ƙindari kuma rotal 100, kusan kilo 45. Ardab awon cika ne, nauyinsa na bin irin hatsin. Tsayin kogi ana ƙirga shi daga sifilin ma'aunin wannan tasha, don haka mita 17 da rabi da Khartum ta haura a ambaliyar 2020 ba a kwatanta ta da awon Sinnar. Kuma duk jerin awon da ya ratsa 1966, shekarar da aka gama madatsar Rusairis, ko 2013 da aka ƙara mata mita 10, ko 2020, a yanka shi a waɗannan shekaru kafin a ɗauki matsakaici, domin kogin da ke gaba da kowace ba irin na bayanta ba ne.

Akwai abin da ba ya cikin daftarin kowane ofis. Dattawan garuruwanmu sun san inda ruwan 1946 ya tsaya, da rijiyoyin da suka ƙafe a farin 1984, da inda ambaliyar 1988 ta kai, da irin kifin da ake kamawa da wanda ya ɓace. Wannan bayani ne na kimiyya in an ɗauke shi da tsari. A nemi yardar Baba ko Inna a farkon naɗin da bakinsu, a faɗi rana da wuri, a bar su su yi magana da Hausarsu, a tambaye su alama: ruwan ya kai gindin wace bishiya, ya taɓa wane bango. Sai a je wurin a ɗauki hoto da lambar wuri ta waya. Abin da ya shafi iyakar gona ko rikicin manoma da makiyaya a ajiye shi daban, ba kowa ke buɗewa ba, don takardar da aka tara don ilimi kan iya zama makami a hannun wani.

Tashoshin awo da yawa sun yi shiru a shekarun nan, kuma wannan giɓin ba zai ciku daga baya ba. Makaranta ko masallaci na iya fara nasu awon tun daminar bana. Ma'aunin ruwan sama na roba ya wadatar. A kafa shi a fili, bakinsa a miƙe daidai, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, ninki huɗu ya fi. A karanta a lokaci ɗaya kowace safiya, a zubar, a rubuta da biro a daftari mai ɗinki, ba mai zare-zaren shafi ba, har da ranakun sifili. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kowane murabba'in mita, wato lita 4,200 a fadan. A ƙarshen wata mai kula da maktaba ya ɗauki hoton shafin, ya liƙa jimillar a allon sanarwa da Hausa da Larabci, ya kuma karanta ta a saƙon murya zuwa zauren manoma, domin da yawa daga masu buƙatar lambar sun fi saurare a kan karatu. A shafin farko na daftarin a rubuta inda aka kafa ma'aunin, da tsayinsa daga ƙasa, da sunan mai karantawa, da na wanda zai karɓe shi ranar da ba ya nan.